Nisan Landan zuwa New York a jirgin sama

Malam, ka ce ka duba nisan Landan zuwa New York ka ga lambobi uku mabambanta, sannan tikitinka ya nuna zuwa ya fi dawowa daɗewa. Babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu. Tsakanin filin jirgin Heathrow na Landan da na JFK a New York kusan kilomita 5,550 ne, wato mil 3,450 ke nan. Matuƙa jirgi kuwa da mil na teku suke lissafi, kowane ɗaya kilomita 1.852, sai ya ba su kusan 3,000. Nisa ɗaya ne, ma'auni ne ya bambanta.

Sai dai in ka bi ta tawa, kada ka gina shirinka a kan kilomita. Ina bin wannan hanya saboda aiki, kuma abin da ke ɗaure wa sabon matafiyi kai shi ne taswirar da ke jikin kujerar gabansa. Zai ga jirgi ya karkata arewa, ya ɓullo ta gabar Kanada wajen Newfoundland, sai ya ɗauka zagaye ake yi da shi. Ina! Ita ce hanya mafi kusa. Ka sami ƙwallo, ka ja zare tsakanin wurare biyu a jikinta, za ka ga yadda yake kwanciya. Taswirar da aka shimfiɗa ce take nuna hanyar a lanƙwashe.

Batun zuwa da dawowa kuma aikin iska ne. A can sama, wajen kilomita 10 zuwa 12 inda jirage ke tafiya, akwai wata iska mai ƙarfin gaske da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, kuma ta fi tsanani a lokacin sanyi. Mai zuwa Amurka yana fama da ita ta gaba, sai ya ci wajen awa takwas. Mai dawowa kuwa tura shi take yi, awa bakwai ko ƙasa da haka ya sauka. A Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani jirgin British Airways ya taso daga New York ya isa Landan cikin awa 4 da minti 56.

Siyasa ma tana ƙara tsawon hanya. Da Rasha ta rufe sararin samaniyarta ga jiragen Turai a 2022, tafiyar Helsinki ta Finland zuwa Tokyo ta Japan ta tashi daga wajen awa tara ta koma wajen sha uku, alhali garuruwan suna nan inda suke.

Ka kuma lura da agogo, don lokacin da ke kan tikiti na garin da ake magana ne. Landan tana gaban New York da awa biyar a mafi yawan shekara. In ka tashi ƙarfe 11 na safe, za ka sauka wajen ƙarfe 2 na rana a agogonsu, amma jikinka zai ce maka 7 na yamma ta yi. Wanda zai tarbe ka, lokacin da ke jikin tikitin za ka tura masa yadda yake, kada ka ƙara ko ka rage.