Hancina ya daina jin wari, ya zan yi da ruwan alwala?

TAMBAYA: Salam Malam, daga Ƙofar Marusa nake. Tun wata mura mai zazzaɓi da na yi kusan wata biyu kenan bana jin wari bana jin ɗanɗano, ko daddawa na sa a hanci shiru. To shekaranjiya aka ciro mataccen ɓera a tankinmu, yara suka ce ai tun ran Laraba ruwan ke wari, ni kuma da shi nake ta alwala. Miye hukuncin sallolina?

AMSA: Wa'alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi baiwar Allah. Wannan larura an ganta sosai lokacin korona, wadda a jihar nan ta Katsina a Daura aka fara samunta a Afrilun 2020, kuma mura ta yau da kullum ma tana jawota.

A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda muka karanta tun a Ishmawi, ana duba siffa uku a ruwa, launi da ɗanɗano da wari, in najasa ta canza ko ɗaya to ruwan ya najasta. Hukuncin kuma a jikin ruwan yake, rashin jinki bai tsarkake shi ba, tunda ɓera mushe ne kuma masu lafiyar hanci sun ji warin. Don haka alwalar bata yi ba, za ki rama sallolin tun daga Larabar da aka tabbatar da canjin, na kafin nan kar ki taɓa su, asalin ruwa tsarki ne. Zunubi kam babu, ba ki sani ba. Ki wanke jiki da kayan da ruwan ya taɓa, a zubar da shi a ɗauraye tankin.

Nan gaba ido na nan, ki duba launi, in kin yi kokwanto ki ba maigida ko wani baligi amintacce ya shinshina, maganarsa ta isa. Amma don Allah ban ce ki riƙa bin mutanen gida da buta duk sallah ba, wannan ƙofar waswasi ce.

Yawancin masu wannan abu jin warin yana dawo musu cikin makonni, wasu sai an ja watanni. Tunda naki ya kai wata biyu ki ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro, sukan sa a riƙa shinshina kanumfari da lemun tsami safe da yamma. Kuma in da gas kike girki a riƙa duba miki tukunyar, don ko yana yoyo ba za ki ji ba.

Wallahu a'alamu.