Ba raunin imani ba ne, ciwo ne

'Yar'uwa, kin ce tunda kika daina fitowa wa'azin gida-gida da kiyamul laili, matan ƙungiyarku ke cewa imaninki ya yi sanyi, ga likita ya ce jininki lafiya lau. Wallahi abin ya taɓa ni.

Gwajin jini ba ya nuna faibromayaljiya, wato ciwon jiki ko'ina da ya wuce wata 3, ga barcin da ba ya wartsakarwa. Haka ma ciwon gajiya mai naci, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin cututtukan jijiyoyi tun 1969. Babbar alamarsa: ki yi tsayuwar tarawihi yau, gobe ko jibi ki kasa ɗaga buta. Wannan ne ya bambanta cututtukan biyu. Mai faibromayaljiya motsa jiki a hankali yana taimaka mata, amma mai ciwon gajiya in ta tilasta wa kanta sai ta ƙara kwanciya. Shi ya sa a 2021 hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa likitoci ƙa'idojin magani, ta daina ba da shawarar ƙara wa masu ciwon gajiya atisaye mataki-mataki.

Ki koma asibiti a duba ƙarancin jini da maƙoƙo, ki riƙa rubuta abin da kika yi da yadda kika tashi washegari.

Batun ibada kuwa, Annabi (SAW) ya ce wa Imrana bin Husaini ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Ki je da takardar likita wajen shugabarku, ku biyu kaɗai, ki nemi aikin da za ki yi daga ɗaki. Allah ya ba ki lafiya.