Cire kalmar "desperate" daga takardarka

Ƙanena, na duba bayanin kai da za ka tura ta UCAS, hukumar da ake bi ta hannunta wajen neman shiga jami'o'in Birtaniya. Turancinka ba laifi. Wuri ɗaya ne na yi tuntuɓe, inda ka ce kai "desperate" ne ka yi karatu a Birtaniya, har kana tambayata ko ba ta fi "keen" ƙarfi ba.

Ta fi ta ƙarfi kam, sai dai ba irin ƙarfin da kake nema ba. Kai ɗoki kake nufi, ita kuwa asalinta daga Latin ne, "desperare", wato fid da rai. Bature in ya ji ta, wanda yake hangowa shi ne mutumin da ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Mai neman mafita ruwa a jallo ke nan. To ka tuna jami'a da ofishin biza abu guda suke son tabbatarwa: karatun ne ya kawo ka, ko gudun gida kake yi? Wanda ya matsu haka ai ko wane kwas aka ba shi zai karɓa.

Za ka ji ta a bakinsu kullum, kar ta ruɗe ka. A nan Leeds abokiyar aikina takan ce ita "desperate" ce ta sha shayi, wani ma ya faɗe ta in fitsari ya matse shi. Wannan zuzutawa ce ta hira, ba ta shiga takarda.

"Keen" ita ce taka. Tana kuma nufin kaifi, kamar na wuƙa, saboda haka marmari ne na mai hankali a jikinsa. Ka rubuta "keen to study", sannan nan take ka kawo dalili: wane darasi a kwas ɗin, me ka taɓa yi da ya kai ka gare shi. Haruffa 4,000 kacal aka ba ka, kar ka ƙarar da su wajen rantsuwa. Amurkawa sun fi cewa "eager", ita ma ta yi. Amma ka kula da "keen on": in ka liƙa ta ga mutum, musamman 'yar ajinku, cewa ka yi kana son ta.

Akwai wata da ba ka tambaya ba, "homesick", mai kewar gida. Ita ka ajiye ta sai Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma. Ka gyara ka sake turo min kafin Juma'a.