Zan iya komawa tuƙi ni kaɗai alhali ina kan keken guragu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan da na yi hatsarin da ya taɓa mini laka. Ƙafafuna biyu ba sa aiki, amma hannayena lafiya lau. Kafin hatsarin ina tuƙi, yanzu kuwa ko asibiti zan je sai na jira ƙanena ya samu sarari. Akwai hanyar da zan koma tuƙi ni kaɗai, ba tare da an ɗauke ni an saka a mota ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ƙara sauƙi. Akwai hanya, kuma ba sabuwa ba ce. Franklin Roosevelt, wanda ƙafafunsa suka shanye a 1921 kafin ya zama shugaban Amurka, yana da mota ƙirar Ford ta 1936 da yake tuƙawa da hannu zalla. Tunda hannayenka na da ƙarfi, kana cikin waɗanda abin ya fi zo wa da sauƙi.

Abin da ake yi shi ne a nemi mota otomatik, don a huta da kuloci, sannan a ɗaura mata wani hannun ƙarfe a gefen sitiyari wanda ke haɗe da birki da totur. A irin wanda ya fi yawa, in ka tura gaba ka taka birki ke nan, in ka jawo ka ba da wuta. Da yake hannu ɗaya ya tafi can, sai a ɗaura ɗan mulmulallen mariƙi a kan sitiyari yadda ɗaya hannun zai iya juya shi gaba ɗaya. Wanda ya iya tuƙi a da yakan saba da wannan ba da jimawa ba. Sai dai a sa ƙwararre ya ɗaura, kuma a guji wanda ake maƙalawa da hannu a cire, domin in ya sassauta a kan hanya, birkinka ne ya sassauta. In ƙafafunka suna zabura da kansu, kamar yadda ake samu ga masu ciwon laka, a sa allon kariya a gaban birki da totur, kada ƙafa ta harba ta danna totur ko ta shige ƙarƙashin birki.

Amma gaskiyar magana, ba tuƙin ne ke hana mutane fita su kaɗai ba. Shiga motar da ɗaukar keken ne. Na ga waɗanda suka kashe kuɗi suka gyara mota tsaf, amma har yau sai an raka su, saboda babu wanda ya tambaye su tun farko ina keken zai shiga bayan sun zauna. Don haka daga nan nake so ka fara.

Ga yadda abin yake a aikace. Za ka matso da keke dab da kujerar direba, ka kulle tayoyinsa, ka shimfiɗa allon zamewa tsakanin keken da kujerar, ka dafa da hannu ka zame kaɗan-kaɗan, sannan ka ɗago ƙafafunka ɗaya bayan ɗaya ka shigar. Daga nan sai ka kwantar da bayan kujerar, ka cire matashin keken, ka danna maɓallin tsakiyar taya ka zare ta, ka zare ɗayar, ka jawo gangar jikin keken ta kan ƙirjinka zuwa kujerar gefe ka ɗaure ta da bel. Fita biyu a rana na nufin ka yi wannan aikin sau takwas, shiga da fita. Kafaɗunka yanzu su ne ƙafafunka, kuma in suka lalace ba tuƙi kaɗai za ka rasa ba. Shi ya sa nauyin keke da tsayin kujerar mota suka fi damuna a kan ƙirar motar. Kujerar da ta yi daidai da tsayin kekenka, da ƙofa mai buɗewa sosai, sun fi maka babbar mota mai tudu. Ka je da kekenka ka gwada shiga da fita kafin ka biya.

In ɗaga keken ya gagara, akwai na'urar da ke jan shi zuwa akwati a rufin mota. Akwai kuma motocin da ake sauke daɓensu a shiga da keke har gaban sitiyari, amma wannan sai da keken da aka yi wa gwajin karo, da makullin da ke riƙe shi da daɓen motar. Birkin keke ba ya riƙe mutum a hatsari.

Kafin duk wannan, ka ga likitanka da masanin farfaɗo da gaɓoɓi su duba ganinka, saurin hannunka, da yadda kake riƙe zamanka in mota ta sha kwana, don wasu sukan buƙaci ƙarin bel a ƙirji. Ka nuna musu magungunanka, domin irin su baclofen, maganin sassauta tsoka, na sa gyangyaɗi. Ka kuma sanar da hukumar lasisi da kamfanin inshora gyaran da aka yi. A ƙasashen Tarayyar Turai ma a jikin lasisi ake rubutawa da lamba: 78 na nufin otomatik kawai, 20 an sauya birki, 25 an sauya totur.

Darasin farko ka yi shi a fili marar mutane tare da mai koyarwa, ka maimaita tsayawar gaggawa har hannunka ya riƙa turawa ba sai ka yi tunani ba. Kujerar mota kuma ba a yi ta don kare fatar da ba ta ji ba, saboda haka ka tambayi likitanka matashin da ya dace, ka riƙa tsayawa kana ɗaga jiki a doguwar tafiya, in ka dawo gida ka duba fatar mazauninka da madubi.