Tsohon gidan gona da rumbunsa: ta ina ake gane shekarunsu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Yayana da ke zaune a jihar Pennsylvania ta Amurka ya sayi wata tsohuwar gona. Akwai gidan dutse mai hawa biyu, a gefe kuma wani katafaren rumbu da ya fi gidan girma nesa ba kusa ba. An jingina rumbun da gangaren tudu, benensa na katako ya leƙo gaba ya yi wa ƙasan rumfa. Waɗanda suka sayar sun ce ginin ya haura shekara 200. Me ya sa aka gina shi haka, kuma yaya za a gane ko maganarsu gaskiya ce?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ka ce wa yayan naka ya fara da rumbun, ya ajiye batun gidan tukuna. Gida kowace tsara sai ta taɓa shi: wannan ya ƙara ɗaki, wancan ya sake tagogi, wani ya toshe murhu ya shafe bangon. Rumbu kuwa ba mai kashe masa kuɗi don ado, kuma ginshiƙansa a fili suke, babu silin babu filasta. Duk abin da kafinta ya yi yana nan ana gani.

Irin ginin da ka kwatanta sananne ne a yankin. Baƙi masu jin Jamusanci da suka zauna a Pennsylvania a ƙarni na 18 ne suka yaɗa shi, kuma masana da dama sun bi sawunsa har zuwa tsaunukan Suwizalan, inda ake samun rumbuna masu bene mai leƙowa. An fi gina shi tsakanin 1790 da 1900.

Jingina shi da tudu dabara ce ta rage wahala. Keken doki ɗauke da alkama ko ciyawa zai bi ta tudun ya shiga bene kai tsaye. Shanu da dawakai kuma suna ƙasa, ƙofofinsu na kallon gangare. Lokacin sanyi, in za a ba su abinci, sai a buɗe wata 'yar ƙofa a daɓen bene a turo ciyawar ta faɗo. Ƙasar tudun da katangar dutse suna riƙe ɗumi. Rumfar nan da ka gani tana kare ƙofofin dabbobi daga ruwa da dusar ƙanƙara, ta kuma ƙara wa benen faɗi. Sau da yawa kudu take kallo don hasken rana.

Girman kuma daga aikin ya fito. A ƙasar da ciyawa ke mutuwa watanni, dole a tara abincin dabbobi na duk lokacin sanyi a ƙarƙashin rufi, kuma a da babu injin da ke matse ciyawa ya ɗaure ta, sai a jibge ta haka nan. Hatsi ma da kararsa ake shigo da shi. Fili na tsakiyar bene masussuka ce, shi ya sa katakon daɓensa ya fi kauri. A nan ake bugu, a buɗe ƙofofin gaba da baya iska ta ratsa, ta kwashe ƙaiƙayi wajen shiƙa. Wannan tsari ya girmi Amurka kanta. Rumbun Harmondsworth da ke kusa da filin jirgin Heathrow a Ingila, wanda aka gina wajen 1426, tsawonsa ya kai mita 58, kuma hatsi da kara aka yi shi dominsu. 'Yan siraran kafofin da zai gani a katanga na shan iska ne, domin ciyawa mai danshi in aka jibge ta takan yi zafi har ta kama wuta da kanta. Tsoron gobarar na cikin dalilan da suka sa ake ba da tazara tsakanin rumbu da gida.

To, batun shekaru. Ya ɗauki tocila ya haska manyan gungumen a karkace, yadda tabo zai fito. Saran gatari, rami-rami marasa daidaito, yana nuna da hannu aka sassaƙa. Layuka miƙaƙƙu a jere aikin zarton da ruwa ke juyawa ne, mai hawa da sauka. Layuka masu lanƙwasa kuwa na zarto mai kewayawa ne, wanda bai zama ruwan dare ba sai tsakiyar ƙarni na 19. Sai dai a yi hattara: an ci gaba da sassaƙa dogayen gungume da gatari bayan injin ya zo, saboda ba kowane inji ke ɗaukar tsawonsu ba. Ƙananan katakai sun fi faɗin gaskiya.

Ƙusa ma shaida ce. Ta maƙeri, mai kai bugun guduma, ita ce ta kafin 1800. Bayanta sai mai kusurwa huɗu da inji ke yankawa daga farantin ƙarfe, wadda ta yi zamani har wajen 1890, sannan ƙusar waya irin ta yau. Ya kuma duba mahaɗar ginshiƙai. In ya ga lambobin Romawa, I, II, III, an tsaga su da kurfi, alama ce ta tsohon salon da ake sassaƙa kowace mahaɗa don abokiyarta kaɗai, a yi musu lamba kada su rikice ranar ɗagawa. A farkon ƙarni na 19 kafintocin Amurka suka fara komawa ga awo ɗaya, lambobin suka riƙa ɓacewa, ko da yake ba rana ɗaya aka daina ba.

Ni dai ba na yanke hukunci da shaida ɗaya. Manoma ba sa zubar da gungume mai kyau. In ka ga rami a jikinsa wanda babu abin da ya shiga ciki, daga wani tsohon gini aka ciro shi. Dutsen da aka rubuta wa shekara ma kan yi ƙaura daga rusasshen gida zuwa sabo. Rufi kuma shi ya fi yaudara. Bayan wani Ba'amurke mai suna William Louden ya yi rajistar na'urarsa ta ɗaga ciyawa a 1867, irin waɗannan na'urori suka bazu, manoma suka riƙa cire gungumen da ke toshe wa na'urar hanya a kan dogon layin da ake rataya mata a ƙarƙashin rufi, wasu suka sake rufin gaba ɗaya. Sai ka tarar da sabon rufi a kan tsoffin ginshiƙai.

A gidan, wurare biyu ne suka cancanci lokacinsa: ɗakin ƙarƙashin ƙasa da cikin rufi, inda mai gyara bai cika kai hannu ba. Katon murhun girki da aka toshe alama ce mai kyau cewa gidan ya riga murhun ƙarfe, wanda ya shiga gidaje sosai daga shekarun 1830 zuwa 1850.

Akwai kuma takardu. A 1798 gwamnatin tarayyar Amurka ta ɗora haraji a kan gidaje da filaye, kuma jerin na Pennsylvania yana nan, a wurare da yawa ɗauke da awon gida, abin da aka gina shi da shi, yawan tagogi, har da rumbuna. Ya bi takardun cinikin gonar baya-baya a ofishin rajistar filaye na gundumarsa har ya samu sunan mai ita na lokacin, sannan ya gwada awon da na ginin da ke tsaye. In yana son shekara takamaimai, masu binciken zoben itace, wato da'irar da bishiya ke ƙarawa a cikinta kowace shekara, sukan huda gungume su ciro ɗan siriri, su faɗi shekarar da aka sare bishiyar, muddin gefen ɓawon bai lalace ba. Da yake da ɗanyen itace ake irin wannan gini, yawanci shekara ɗaya ko biyu ce tsakanin saran da ɗaga rumbun.