Me ya sa TCP ke rarrafe a kan rediyon sojoji?

Tambaya: Ina karatun sadarwar kwamfuta. An ce mana TCP ba ya aiki sosai a kan rediyon da sojoji ke amfani da shi a fagen daga. Laifin rediyon ne ko na TCP, kuma ta ina ake gyara?

Amsa: Rediyon na da nasa rauni, amma babban cikas yana cikin zaton da aka gina TCP, wato ƙa'idar da ke tabbatar da isar bayanai a intanet, a kansa. Bayan cunkoson da ya durƙusar da intanet a 1986, Van Jacobson ya fito da mafita a 1988: duk fakitin (ɗan guntun saƙo) da ya ɓace, a ɗauka hanya ce ta cika, mai aikawa ya rage gudunsa. A kan layin kebul wannan zato daidai ne. A fagen daga kuwa, fakiti na ɓacewa ne don motar yaƙi ta shiga bayan tsauni, ko abokan gaba sun cika zangon rediyon da hayaniya da gangan. Hanya a buɗe take, TCP na ta taka birki.

In saƙon ya bi tauraron ɗan Adam mai nisan kusan kilomita 36,000, zuwa da dawowa kaɗai na cin kusan rabin daƙiƙa, sai farfaɗowa ta yi nawa. An daɗe ana sa na'ura a tsakiya ta amsa a madadin mai karɓa, sai dai IPsec, tsarin kulle saƙo don tsaro, na ɓoye bayanan da ke kan fakitin TCP, don haka dole a ajiye na'urar kafin inda ake kulle saƙo.

Abin da ya fi damuna shi ne amsar "na samu" da TCP ke jira. Rundunar da ke ɓoye ba ta son kunna rediyo, domin kowace amsa na iya tona inda take. Shi ya sa nake ganin tsarin aika saƙo na NORM, wanda ɗakin binciken sojojin ruwan Amurka ya yi aiki a kansa, ya fi dacewa da aika saƙo ɗaya ga mutane da yawa: mai karɓa na magana ne galibi idan wani abu ya ɓace, kuma ana haɗa ƙarin bayanan gyara tun daga farko.

Inda haɗi ke yankewa na dogon lokaci, tsarin DTN na ajiye saƙo a kowace tasha har hanya ta dawo. QUIC, wani madadin TCP da aka daidaita a 2021, na riƙe haɗi ko adireshi ya canza, amma shi ma yana kulle bayanan da ke kan fakitinsa, na'urar tsakiya ba za ta taimaka masa ba. Idan za ka yi gwaji, fara da auna yawan ɓacewar da ba ta cunkoso ba ce.