Hukuncin yi wa mai lafiya allurar riga-kafin ciwon huhu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A Agege nake zaune, ina sayar da kayan gwari a kasuwar Mile 12. Maiɗakina ta haihu, an ce idan yaron ya cika sati shida a kai shi allurar ciwon huhu. Yayana ya ce soka wa mai lafiya allura rashin tawakkali ne. Hajiyarmu ma tana da ciwon suga, likita ya ce a yi mata. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya raya shi bisa Sunna.

Ka kai shi, ɗan'uwa. Halas ne, kuma a wurina ya fi ƙarfin halas kawai, domin jariri amana ne da ba ya iya nema wa kansa kariya.

Ƙwayar cutar da ake tsoro tana zama a hanci da maƙogwaro, tari da atishawa ke yaɗa ta. Ita ke kawo namoniya (wato ciwon huhu), da wani nau'in sanƙarau, da ciwon kunne, ta fi kuma kayar da 'yan ƙasa da shekara biyu da tsofaffi. Ka san yadda muke kwana a Legas: ɗaki guda, mutum shida, ga hayaƙin janareto. Najeriya ta shigar da allurar cikin riga-kafin yara tun Disambar 2014. Sau uku ake yi a cinya, a sati 6, 10 da 14, kyauta a ƙananan asibitocin gwamnati. Babu ƙwayar cuta mai rai a ciki, ɗan ɓawonta ne ake nuna wa jiki don ya gane ta.

Maganar Yayanka daga kishin addini ta fito, amma hujja ba ta tare da shi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya karya kumallo da dabinon ajwa bakwai, guba ko sihiri ba za su cutar da shi a ranar ba. Lafiyarsa lau ya ci dabinon, kafin cutar ta zo. Da wannan Shaihu Ibn Baz ya kafa hujjar halascin riga-kafi. Da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Ya ce e, daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Wa zai ce Umar ya gaza a tawakkali?

Na san gwajin maganin da aka yi wa yara a Kano a 1996 bai bar zukatanmu ba, kuma ba na raina wannan tsoro. Maganinsa shi ne a je asibitin da aka sani, a karɓi kati, a yi tambaya.

Game da Hajiya, tsufa da suga suna raunana garkuwar jiki, haka sikila. Tunda likita ya duba ta ya ba da shawara, mustahabbi ne ta yi, amma da yardarta, kada a tilasta mata.

Idan yaron ya yi ɗan zazzaɓi ko wurin ya kumbura kwana ɗaya ko biyu, kada Maman ta fasa komawa ta biyu. Wallahu a'alam.